Kawu Ɗari da Duwatsun Nesa

Yayana ya tsaya a tsakiyar falona ya yi rantsuwa cewa kafin ƙarfe huɗu na ranar Asabar sai ya sa an ƙirga itatuwan da ke kan duwatsun cikin kwamfutar 'yata, ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya roƙe shi. Shi dai ya zo ne ranar Alhamis ya ɗaure mini wayar talabijin da ta kwance, na kawo masa shayi, sai idonsa ya faɗa kan Auta tana tuƙa jirginta a kusurwar ɗaki.

Bari in yi bayani, don ni ma sai da aka yi mini sau uku kafin na gane. Auta ita ce 'yata ta ƙarshe, shekararta ashirin, tana aiki a kantin magani, amma tun tana 'yar mitsitsiya ba ta da zance sai na jirgin sama. Akwai wani shiri da ake sa wa kwamfuta a koyi tuƙin jirgi da shi: ga allo a gabanka, ga sandar tuƙi a hannu, ga feda biyu a ƙarƙashin tebur. Shekara biyu tana fama da shi a kan tsohuwar kwamfutar da wanta ya bar mata. To akwai wata ƙungiya ta tsofaffin matuƙa da ke ɗaukar mutum ɗaya tak a shekara, su koya masa tuƙin jirgin gaske. Bana an tace an sake tacewa, saura mutum uku, Auta na ciki. Shugabarsu, wadda kowa ke kira Kyaftin, za ta bi gidajensu ranar Asabar, ta ga kowa ya tashi ya sauka a kan na'urarsa, ta kuma gana da iyaye. Mu ne na ƙarshe, ƙarfe huɗu. Baɗi kuwa Auta ta wuce shekarun da suke ɗauka. Ko wannan Asabar ɗin, ko a haƙura.

Yayana shi kuma shekara ashirin da biyar yana hawa rufin mutane yana ɗaura musu dish, faifan nan na kamo tashoshin talabijin. A sana'arsu akwai wani layi da ke fitowa a talabijin yana nuna ƙarfin sigina, shi kuwa bai taɓa sauka daga tsani ba sai layin nan ya cika fal. Tamanin ba ta yi masa, casa'in da tara cin fuska ce. Shi ya sa ake ce masa Ɗari. 'Ya'yana Kawu Ɗari suke kiransa, yana kuma amsawa da buɗaɗɗen ƙirji.

Ya matsa bayan Auta da kofinsa a hannu. "Mene ne wancan can gaba, kamar an watsa toka?"

"Duwatsu ne, Kawu."

"Duwatsu? Ai ko hoton da aka wanke a aljihun wando ya fi wannan fita. Da shi za ki tarbi baƙuwa?"

"Ni na rage su da gangan. Kwamfutar ta tsufa. In ta tsaya zana abin da ke nesa, sai ta kasa tafiyar da jirgin sumul. Ni titin sauka da agogunan gabana kawai nake buƙata."

"Ji wata magana. Matuƙin da ba ya hangen nesa ai mai tura baro ne."

"Kawu, don girman Allah kada ka taɓa."

"Wa ya ce zan taɓa? Dubawa zan yi."

Auta ta juyo ta kalle ni. "Mama, kin dai ji."

Na ce na ji.

Ranar Asabar abokiyar aikin Auta ta kwanta rashin lafiya, dole Auta ta riƙe kantin har ƙarfe biyu. Ta fita bakwai da rabi. Minti goma ba a yi ba na ji ana jan tsani a matakalar bene. Ashe tun sassafe Yaya yana zaune a shagon Mai Kanti da ke ƙasanmu, yana jiran ya ga wucewarta. Ya shigo da jakar kayan aiki, da nannaɗen waya a kafaɗa, da ɗan agogon nan da yake gane gabas da shi.

Na ce, "Yaya, kwamfutar ba ta buɗuwa sai da kalmar sirri."

"Ke kin san ta?"

Ni ban iya yi wa Yaya ƙarya ba, shi ya goya ni. Saboda haka na kama bakina na yi shiru. Idona ne kawai ya ci amanata, ya tafi kai tsaye kan kalandar da ke bango. Ya ɗaga kalandar, ya karanta abin da ke rubuce a bayanta, ya ce, "Allah ya yi miki albarka."

Aikin sigina, in ji shi, ba ya yiwuwa sai da mai kallo: ɗaya na juyawa, ɗaya na faɗin lamba. Ya ƙwanƙwasa ƙofar da ke kallon tamu ya jawo maƙwabcinmu Tela, da tef rataye a wuya, da allura a baki. Ya tsayar da shi a bakin ƙofa. Tsakaninsu bai fi taku uku ba, amma Yaya ya saba magana daga kan rufi, don haka da ƙarfi yake tambaya, Tela ma ya ga abin da ake yi ya ɗaga tasa muryar.

"Hoton ya fito?"

"Ya ɗan fito."

"Nawa?"

"Nawa me?"

"Lamba za ka ba ni, Tela."

"To, talatin da takwas."

"A ina ka ga talatin da takwas?"

"Ƙugun mutumin da nake ɗinka wa wando ne. Ita ce a kaina."

A hakan dai Yaya ya lalubo shafin da ake saita hoto. Layuka ne jere, kowanne da ɗan ƙulli a jikinsa da ake ja dama ko hagu, kusan duk Auta ta bar su a ashirin ko talatin. Yaya ya riƙe haɓa kamar ya tarar da maraya ba riga. Ya kama na nisan gani ya ja shi har ƙurya. Ya ja na itatuwa, na inuwa, na gajimare, na gidaje. Har na ciyawa bai bari ba.

Zan faɗi gaskiya ko da a kaina take: abin ya yi kyau. Tokar nan ta waye, duwatsu suka fito tar, da kwazazzabai, da 'yar siririyar hanya tana hawa tana lanƙwasa. Tela ya cire allurar bakinsa ya matso.

"Wallahi ga akuya can."

"Ƙirga itatuwan," in ji Yaya, yana gyara wuyan riga. "Ina jira."

Sai ya tura sandar don jirgi ya motsa. Jirgi ya yi gaba taku ɗaya ya tsaya. Muka jira. Ya sake yin taku ɗaya. Tafiyar ta koma kamar ana buɗe mana album na hotuna, mai buɗewar kuma yana gyangyaɗi.

"Sigina ce," in ji Yaya.

"Yaya, Auta ta ce ba ruwansa da sigina. Komai a cikin akwatin yake."

"Ƙanwata, aji nawa kika yi?"

"Shida."

"Ni shekara ashirin da biyar na yi a kan rufi."

Ya ɗauko agogon gabas ya juya akwatin kwamfutar ya fuskanci inda ya ce tauraron ɗan'adam yake. Babu canji. Ya ɗora shi kan kujerar kicin kusa da taga. Babu canji. Ya ce to matsalar daga sama take, ya saɓi tsani ya hau rufin benenmu, inda babban dish ɗin da dukan gidajen ke sha daga jikinsa yake, ya shiga juya shi. Tela ya zura kai ta taga yana ba shi lambobi, arba'in da biyu, talatin da shida, duk na kafaɗu da hannayen mutane.

Ba a jima ba Mai Kanti ya hauro yana haki, wai talabijin ɗin shagonsa ta ɗauke ana shirin buga fanareti, mutum tara sun tashi ba su sayi komai ba. A bayansa ga Nas ɗin da ke samanmu, ranar hutunta ce, ta sauko da ɗankwali a karkace tana tambayar wane marar aikin yi ne ya kashe mata fim ana gab da gane ɓarawon. Da faɗa suka shigo su biyun. Da suka ga duwatsu sai suka nemi wurin zama.

Yaya ya sauko da tsatsa a gwiwar wando. Jirgi na nan yana ɗingishinsa. Ƙari a kan haka akwatin ya fara wani gurnani kamar injin markaɗe, iska mai zafi na fita ta bayansa. Nas ta koma sama ta ɗauko abin auna zafin nan da ake nuna wa goshi, ta nuna wa kwamfutar, ta duba, ta sake nunawa.

"Da mutum ne," ta ce, "da na ce a kira 'yan'uwansa."

Na shiga kicin na danna lambar Auta, na kashe tun kafin ta shiga. Me zan ce mata? Tana can tana ba mutane magani, in ta ruɗe ta ba mai ciwon kai maganin tsutsa fa? Na dawo na tarar Yaya ya kwance murfin gefen akwatin, cikinsa a waje, yana hura ƙura da baki.

"Zafi ai alamar aiki ne," yake gaya musu. "Shekara biyu tana kwance tana cin wuta a banza. Yau ta san ta haɗu da namiji. A kawo fanka."

Aka kawo tawa, da ta Tela, da ta Nas, aka kewaye akwatin. Nas ta auna ta girgiza kai. Yaya ya ce ƙanƙara. Mai Kanti ya ce ƙanƙararsa ta ƙare tun jiya, abin da ke cikin firiza sai kifi. Yaya ya ce sanyi dai sanyi ne, kwamfuta ba ta da hanci. Aka hauro da leda biyar ta daskararren kifi aka jera huɗu a gindin akwatin, ɗaya kuma aka ɗora masa a ka kamar mai zazzaɓi.

Kwamfuta ba ta da hanci, amma mu muna da shi. Fanka uku suka kwashi ƙarni suka bi da shi ta ƙofa har ƙasan bene. Kafin sha biyu kyanwoyi huɗu sun jeru a bakin ƙofata, ɗaya ma ban taɓa ganinta a unguwar ba. Kifi ya fara narkewa. Na kawo faranti na tara, na kawo tawul na shimfiɗa, na kawo tsohon zanena na ƙara. Na sake danna lambar Auta na sake kashewa.

Wajen ƙarfe ɗaya Nas ta hau sama duba tukunyarta, ita ce kuwa kaɗai a cikinmu da Turanci ya zauna wa. A daidai lokacin Yaya ya danna wani wuri, sai ga shafi na biyu ya buɗe. Shi ma layuka ne, kowanne da ɗan zane a gefensa, kuma duk a sifili suke.

Yaya ya buga cinya. "Ai ga ciwon nan. Tela, wannan zanen mene ne?"

"Ya yi kama da tsuntsu."

"Tsuntsaye a sifili. Sama ba tsuntsu, sama ce? Wannan fa?"

"Taya."

"Taya a sifili. Ka ji yarinya. Na ƙasan fa?"

"Kamar inji. Guda biyu ne ma."

Yaya ya juyo ya kalle ni da tausayi. "Kin ga abin da 'yarki ke yi? Inji a sifili, sannan a ce don me jirgi ke ɗingishi."

Ya ja tsuntsu zuwa ɗari. Ya ja taya, ya ja inji biyu, ya ja mai zanen iska, da mai zanen ruwan sama, da mai zanen tankin mai. Ni kaina a lokacin na ga kamar yana da gaskiya, don ko a hankalina inji a ɗari ya fi inji a sifili. Sai daga baya Auta ta fahimtar da ni cewa wannan shafin masifu ne. Nan ake zaɓar abin da zai lalace in mutum yana son ya gwada kansa. Sifili na nufin lafiya lau. Ɗari na nufin babu makawa.

Jirgi bai daina ɗingishi ba, amma Yaya ya ce sai inji ya ɗumama. Kafin nan ya bi ƙofa ƙofa yana gayyatar jama'a su zo ƙarfe huɗu su ga aikin da ko a filin jirgi ba a yi. Da yake ba talabijin ɗin da ke aiki a benen, kowa ya zo.

Motar da Auta ta shiga ta lalace a hanya. Huɗu saura minti biyar na ji takunta a matakala, tare da wani takun a hankali. Ashe a ƙofar bene suka haɗu da Kyaftin, suka hauro tare suna tsallake kyanwoyi.

Kyaftin 'yar ƙaramar dattijuwa ce, furfura fal, tabarau rataye da igiya, da fayil a hammata. Ta tsaya a bakin ƙofa ta dubi mutum goma sha biyar a falo, ta dubi fanka uku, ta dubi akwatin da kifi a kansa. Auta kuwa kalma ɗaya ta faɗa, a hankali: "Mama." Da ƙasa za ta tsage da na shige har da faranti.

Yaya ya ratso jama'a. "Sannu da zuwa, ranki ya daɗe. Ni ne injiniyan gidan. Kafin ki zauna, ina so ki dubi can ki gaya mini ko a jirgin gaske kin taɓa ganin dutse ya fita haka."

Kyaftin ta sa tabarau ta duba. "Ya fita. Kai ka yi wannan aikin?"

"Da hannun nan."

"Kai kaɗai?"

"Tela ya ɗan riƙe mini lamba, amma basirar tawa ce."

"Madalla. To a wurinmu wanda ya gyara jirgi shi ke fara hawansa. Zauna."

Yaya ya ɗan yi dariya, ya ga ita ba dariya take ba. Ya dubi jama'ar da ya gayyato da kansa. Ya naɗe hannun riga ya zauna, ya ɗora ƙafa kan feda yana tambayar wanne ne kuloci. Ya tura komai gaba da ƙarfinsa.

Hoton farko, muna kan titi. Muka jira. Hoto na biyu, muna cikin ciyawa, kowane ganye ya fita tsaf. Hoto na uku, ga motar kashe gobara ta cika allon.

"Kauce mata," in ji Mai Kanti.

"Ita za ta kauce, ni ne babba."

Hoto na huɗu sama ce zalla. Yaya ya waiwayo yana murmushi. "Mun tashi."

Hoto na biyar ya daɗe bai zo ba. Da ya zo, duwatsun ne, ba su taɓa yin kyau irin haka ba, sai dai kawunansu na ƙasa.

Tela ya karkata kai. "Ga akuyar nan. Ƙafafunta ne a sama."

Akwatin ya yi wani ɗan tari, allon ya yi baƙi ƙirin. Ba ka jin komai sai fanka uku. A cikin shirun nan baƙuwar kyanwar ta shigo, ta ja kifi guda ta fice.

Kyaftin ta dubi agogonta. "Ƙarfe biyar zan miƙa suna ga kwamiti. Kina da minti goma sha biyar ki tayar da ita, 'yata. In ba ta tashi ba, sai dai haƙuri."

Na zaci Auta kuka za ta yi, don ni na riga na fara. Sai ta ajiye jakarta.

"Mai Kanti, kwashe kifinka. Anti Nas, busasshen tawul. Baba Tela, fanka ɗaya ta isa, kawo ta nan, sauran a kashe. Jama'a a matsa daga taga. Kawu."

"Na'am, 'yar albarka, ai dama ina shirin…"

"Ka koma bayan ƙofa ka sa hannu a aljihu."

Ya sa ɗaya.

"Duka biyun."

Ta zare waya, ta goge, ta busar, ta mayar da akwatin ƙasa inda yake. Minti tara muna kallon baƙin allo. A na goma ta danna, fitila ta kawo, falo ya sauke numfashi gaba ɗaya. Ta buɗe shafin hoto ta shiga jan layukan baya. Duk wanda ta ja, sai Yaya ya yi nishi daga bayan ƙofa kamar haƙorinsa ake cirewa. Itatuwa suka ɓace, akuya ta ɓace, duwatsu suka koma tokarsu.

Shafi na biyu kuwa ba ta buɗe ba, don ba ta san an je can ba. Ni na sani. Amma na ce a raina ai alheri ne aka ƙara mata, kuma Yaya ya sha kunyar da ta ishe shi na yini ɗaya.

Jirgi ya gudu a kan titi sumul, ya ɗaga kai, ya tashi. Har an fara tafi. Sai allon ya yi duhu, ruwa ya kece, iska ta ɗauki jirgin ta watsa shi gefe. Kafin Auta ta daidaita shi sai ga tsuntsaye, ba goma ba, ba ashirin ba, kamar an buɗe musu kasuwa. Wani abu ya yi ƙara, jar fitila ta kama, ƙararrawa ta shiga kuka.

"Injin hagu ya tafi," in ji Auta, idonta a kan allo. "Mama, an taɓa wani abu ban da hoto?"

"Kawunki ya ƙara miki inji."

"Ya ƙara mini me?"

"Ya ga kin bar su a sifili. Har da taya. Da tsuntsaye."

Auta ta rufe ido ta buɗe. "Kyaftin, a ba ni izini in tsayar in gyara."

Kyaftin ta riga ta jawo kujera har gwiwarta na taɓa tebur. "Shekara talatin na yi a sama, ban ga gefen hanyar da ake fakin ba. Ci gaba."

Ta ci gaba. Ta karkata jirgin za ta koma filin da ta baro, tana faɗin duk abin da take yi da baki, a natse, kamar mai karanta takardar magani. Injin dama ya yi tari sau biyu shi ma ya bi ɗan'uwansa. Agogon mai ya shiga sauka. Ni dai na damƙi hannun Nas ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina, har da ta shiga kasuwa. Nas ta nuna mini abin auna zafi a goshi ta ce in zauna. Na ce ba zan zauna ba 'yata na sama.

"Juya shi gabas," in ji wata murya daga bayan ƙofa.

Mutum goma sha biyar suka ce ya yi shiru.

"Taya ɗaya ta ƙi fita," in ji Auta. "Zan mayar da sauran. A kan ciki zan sauka, a ciyawa, gefen titi."

"Me ya sa ba kan titin ba?" in ji Kyaftin.

"Kwalta za ta ta da wuta, ga mai na zuba. Ciyawar ta jiƙe."

Kyaftin ta rubuta wani abu a fayil ɗinta.

Ƙasa ta taso mana. Mai Kanti ya tsuguna ya kare kai da ledar kifi. Tela ya riƙe tef ɗinsa da hannu biyu kamar linzami. Jirgi ya taɓa ciyawa, ya yi tsalle, ya sake taɓawa, ya shiga sulɓewa yana juyawa a hankali, shingen filin na matsowa, na matsowa. Ya tsaya hancinsa na shinshinar waya.

Wani dogon rubutu ja ya fito a allon. Nas ta matsa ta karanta mana: inji biyu sun tafi, taya, tankin mai, fiffiken hagu, gilashin gaba, tsuntsaye sittin da ɗaya. Sai layi na ƙarshe, shi kaɗai kore. "Mutanen ciki," ta ce, "kowa lafiya."

Sai a lokacin na zauna, a kan faranti.

Yaya ya fito daga bayan ƙofa, hannu har yanzu a aljihu, ƙirji ya dawo. "To kun gani. Gwaji ne na shirya mata. Yaro in ba ka matsa shi ba…"

"Injiniya," in ji Kyaftin, "da ka kai inji ɗari, me kake nufi?"

"Ƙarfi mana. Cikakken ƙarfi."

"Ɗari a wurin nan na nufin dole ya mutu. Ka kashe mata inji biyu, ka fasa tanki, ka karya taya, ka kira hadari, ka kuma aiko mata da duk tsuntsun da ke ƙasar. Ban taɓa ganin mutum ɗaya ya yi wa jirgi ɗaya wannan ɗinkin ba."

"A'a, ranki ya daɗe," in ji Tela, "kada a sa sana'ata a ciki."

Dariyar da aka yi har mutanen benen da ke kallonmu sai da suka leƙo. Yaya ya shiga duba agogon gabas ɗinsa kamar an aiko masa da saƙo a ciki.

Kyaftin ta zaro takarda daga fayil, ta dubi Auta. "Sauran biyun sun sauka lafiya, da injinansu, rana na haskawa. Ban san yadda za su yi ranar da abu ya ɓaci ba. Ke na sani. Litinin ƙarfe bakwai, filin jirgi." Ta miƙo mini takardar da biro. "Mama, sai kin sa hannu."

Nan ne fa abin ya sauko mini. Duk wannan tashin hankalin a kan kujerar falona aka yi shi, ƙafarta na ƙasa. Ranar Litinin babu falo.

Na ce, "Ranki ya daɗe, jirgin gaske shi ma yana da wancan shafin na biyu?"

"Yana da shi. Sai dai ba mu ke jan layukan ba."

Na dubi Auta. Gumi ya jiƙa mata wuya, tana ƙarnin kifi kamar kowa a ɗakin, tana kallon biron da ke hannuna ko ƙiftawa ba ta yi. Na ɗora takardar a gwiwa na sa hannu. Sunan ya fara daga kan layi ya gangara ƙasa, harafin ƙarshe ya kusa faɗowa daga takardar.

Yaya ya leƙo ta kafaɗata. "Ya karkace, ƙanwata. Kawo biron in ɗan daidaita miki."

Mutum huɗu ne suka riƙe shi har Kyaftin ta sauka daga bene.